Yadda ake gyara manya da ƙananan baƙaƙe a Excel

Jerin sunayen ƴan lakwal ko na abokan ciniki yakan zo a hargitse: wani da manyan baƙaƙe zalla, wani da ƙanana. Ba sai ka sake bugawa ba. Yawancin kwamfutocin ofisoshin Yamai da Faransanci suke, don haka sunayen dabarun na Faransanci zan kawo.

1. Buɗe sabon layi na tsaye, wato B, kusa da A inda sunayen suke.

2. A gidan B2 rubuta =NOMPROPRE(A2), ka danna Entrée. "ALI MUSA" zai koma "Ali Musa". In manya kake so duka, sa =MAJUSCULE(A2); ƙanana kuwa =MINUSCULE(A2). A Excel na Turanci, su ne PROPER, UPPER da LOWER.

3. Kama ɗan ɗigon da ke kusurwar B2 ta ƙasa a dama, ka ja shi har ƙarshen jerin.

4. A nan ake yawan tafka ɓarna, don sai mutum ya cire layin A ɗungum, komai na B ya koma #REF!, wato alamar kuskure. Kwafi B tukuna, danna maɓallin dama na linzami a kan B ɗin, zaɓi Collage spécial, sannan Valeurs. Yanzu rubutu ne tsantsa, kana iya share A.

A bi sunayenmu masu waƙafin sama da ido. NOMPROPRE na ɗaukar baƙin da ya biyo bayansa tamkar farkon sabuwar kalma, sai Asma'u ta zama Asma'U, Sa'adu ya zama Sa'Adu. Waɗannan da hannu za ka gyara su.