Yadda mai kiwo zai nemi kujerar majalisa garkensa bai watse ba

Ina kiwon raguna a bayan Samaru, kuma na taɓa neman kansila na sha ƙasa. Tunda ka ce majalisar jiha kake so, ƙanena, gyara zama.

Kafin ka buga fosta, samo wanda zai riƙe maka dabbobi, irin mutumin da daga tsayuwar tunkiya ya san ba ta da lafiya. Ni wani yaro na bar wa. Ina can ina zaga ɗaurin aure da ta'aziyya, ya zuba musu dusar da ta yi tsami. Da na dawo bayan isha'i na haska tocila, raguna uku sun kumbura kamar ganga, ɗaya ma wuƙa ba ta same shi ba.

Sharuɗɗan doka ba su da wuya: shekara 25 tun bayan gyaran 2018, karatu zuwa matakin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsaya maka. Katin jam'iyya a mazaɓarka za ka yanka.

Abin da ya fi wuya shi ne jure faɗuwa. Akwai wani mai kiwon tumaki a jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, Henry Bolte, gonarsa na Bamganie. Ya nemi kujerar majalisar jiha ta mazaɓar Hampden a 1945 ya faɗi, ya sake fitowa a 1947 ya ci. Daga 1955 har 1972 shi ne Firimiyan jihar, shekara 17 cur, alhali bai taka jami'a ba. Can ma har jam'iyya manoma da makiyaya suka yi wa kansu, Country Party, ko da yake shi ɗan Liberal ne. Abin da ya burge ni, bai sayar da gonar ba. Da ya sauka can ya koma.

To kai ma kada ka sayar da uwayen garke don kuɗin fom. Ragunan layya ka taɓa, su dama na kasuwa ne.

A wajen kamfe kuma ka faɗi abin da ka sani: burtali, mashaya, rigakafin ciwon huhu, tsadar harawa in rani ya yi nisa. Ka leƙa cibiyar binciken dabbobi ta Shika ka tambayi malaman, don kada wani ya ƙure ka gaban jama'a. Ranar kasuwa ka je kara da takalmin da ka saba zuwa da shi, dillalai sun san shi.