Yadda ake kaifafa tunanin 'yan lakwal da wasan dara

A lakwal ɗinmu na Damagaram yaro ya saba da hadda: mushe, wato malami, ya rubuta a allo, aji ya maimaita da Faransanci. Ka ɗan juya tambayar, sai a yi tsit. Darar da dattawa ke bugawa a inuwa a Birni da Zango tana maganin wannan, kuma ko dala ba za ka kashe ba.

Da farko ka samu inuwa a filin makaranta, a tona gurabe 30 cikin rairayi, layi 5, kowane layi gurbi 6. Ɓangare ɗaya ya tsinci tsakuwa 12, ɗayan ya karyo kara 12. Kada ka haɗa yara biyu kawai, sauran su zama 'yan kallo. Raba su huɗu-huɗu, maza da mata, don a yi shawara.

Sai ka gaya musu doka a taƙaice: ana zubawa ɗaya bayan ɗaya, ba a jera uku lokacin zubi. An gama, kowa ya riƙa gusawa gurbi ɗaya, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa.

To, ga inda aikin malami yake. Ba wanda zai taɓa tsakuwa sai ya faɗi dalili. "Don me nan? In ka gusa, wace ƙofa ka bari a buɗe?" Bar shi ya amsa da Hausa, a ganina tunanin ake nema a nan, Faransanci ya jira aji. In ya yi kuskure ka danne zuciyarka, kada ka gyara masa. Bari a cinye shi, sannan a mayar da tsakuwar inda take, ƙungiyarsa ta gano inda aka kauce. Wani lokaci ka tsayar da wasa ana tsakiya, ka ce wa masu kallo su faɗi abin da zai faru bayan taku biyu.

Bayan 'yan makonni sai ka sauya doka, misali a yarda da jeri a karkace, su da kansu su yi gardama ko wasan ya gyaru ko ya lalace. Wannan ya fi dacewa da 'yan CM1 da CM2, wato aji biyar da aji shida na firamare.

Ƙananan CI da CP kuwa, wato aji ɗaya da aji biyu, gurabe 9 da tsakuwa uku-uku sun ishe su, kuma minti 15 ya wadatar, musamman a zafin Afrilu.