Shirin da nake yi kafin guguwar teku ta iso

Tun da aka ce guguwar ta kai mataki na 4 cikin matakai 5 na ƙarfin guguwa, barci ya ƙaurace mini. Ba iskar ce ta fi tsorata ni ba, ruwan da take turowa daga teku ne. Ruwa ne ya cinye birnin New Orleans na Amurka a 2005, lokacin guguwar Katrina, da shingayen tare ruwa suka ɓalle.

In hukuma ta ce a tashi, don Allah ka tashi. Mai jiran ganin ido zai tarar hanya ta cushe.

Ni nakan fara cika tankin mota, in yi cajin waya da tocila. Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana 3 aƙalla. Takardun gida da maganin mahaifiyata ina ƙulle su cikin leda. Kujeru da bokitan waje kuwa ciki nake shigo da su, iska kan mai da su makami.

In ka maƙale a gida, shiga ɗaki marar taga. Iska na iya lafawa kwatsam, gari ya yi tsit. Tsakiyar guguwar ce, da sauran rabi, kada ka leƙa. Janareto kuma a waje kawai, nesa da taga, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari.