Babi na Bakwai: Yadda Ƙasa Take Samun Gurbi a Gasar Cin Kofin Duniya

Kafin ku fara, ku ajiye littafin rubutu da fensir da abin gogewa kusa da ku. Za mu yi lissafi kaɗan, amma bai wuce tarawa da ɗebewa da muka yi a babukan baya ba. Wanda bai damu da ƙwallo ba ma ya zauna, domin wanda ya iya karanta teburin maki ya iya karanta kowane teburi mai layuka da gidaje.

Darasi na 1: Ba gayyata ake yi ba

Hukumar da ke kula da ƙwallon ƙafa a duniya sunanta FIFA. Ku rubuta haruffan huɗu: F, I, F, A. Tana da mambobi 211. Gasar cin kofin duniya, wadda aka fara a Uruguay a 1930, duk bayan shekara huɗu ake yin ta. Daga 1998 zuwa 2022 ƙasashe 32 ne suke zuwa. A gasar 2026 an ƙara su zuwa 48.

Ku dubi lambobin nan biyu, 211 da 48. Wace ce babba? To kun ga wurin ba zai ɗauki kowa ba. Saboda haka sai an yi wasannin share fage, wasu kuma su ce wasannin neman gurbi. Gurbi shi ne wurin da ƙasa za ta samu a cikin gasar.

Mai masaukin baƙi ne kaɗai ba ya share fage. A 2026 masu masaukin uku ne, Amurka da Kanada da Mexico. Ko ƙasar da ke riƙe da kofin sai ta nemi gurbi kamar kowa, haka ake yi tun gasar 2006. Kuma girman suna ba ya kai ƙasa. Italiya ta ɗauki kofin nan sau huɗu, amma a gida ta kalli gasar 2018 da ta 2022.

Kowace nahiya ita ke shirya nata share fagen, FIFA kuma ta faɗa mata yawan guraben da take da su. Ga rabon na 2026, ku kwafa: Turai 16, Afirka 9, Asiya 8, Kudancin Amurka 6, Arewacin Amurka da Tsakiya da tsibiran Karibiyan 6 har da masu masauki, Oceania, wato New Zealand da tsibiran tekun Pasifik, 1. Ku tara. In kun samu 46 kun yi daidai. Saura biyu, za mu zo kansu a darasi na 5.

Darasi na 2: Rukuni, gida da waje

Mu ɗauki Afirka. Hukumarta ita ce CAF. An jefa ƙuri'a aka raba ƙasashe rukuni tara, aka sa wa kowane rukuni harafi, daga A zuwa I, ƙasa shida a kowanne. Rukuni tara, gurbi tara: wadda ta zo ta ɗaya a rukuninta ta wuce kai tsaye.

Kowace ƙasa za ta kara da sauran biyar ɗin sau biyu, sau ɗaya a filinta, sau ɗaya a nasu. Shi ake ce wa gida da waje. Biyar sau biyu, wasa goma ke nan. Ba a mako guda ake yin su ba. Na 2026 an fara su a Nuwamban 2023, aka gama a Oktoban 2025.

Idan kuka ga an rubuta sakamako, ƙasar da aka fara rubutawa, wato ta hannun hagu, ita ce mai gida. Lambar hagu tata ce, lambar dama ta baƙuwa. Ku karanta daga hagu zuwa dama, kamar yadda muke karanta boko.

Darasi na 3: Maki

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Kada kowa ya ji kunya. Gemu ba ya hana ilimi.

Abu biyu ake ƙirgawa a wasa, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai ƙwallo, wadda ɗan wasa ke zurawa a raga. Akwai maki, wanda ake ba ƙasa bayan an tashi. Ga dokar maki, ku rubuta ta a saman shafi, ku ja layi a ƙarƙashinta:

Nasara, maki 3.
Canjaras, maki 1.
Shan kashi, maki 0.

Canjaras shi ne kunnen doki, an tashi babu wanda ya fi wani.

Yanzu tambaya. Ƙasa ta ci 1 da 0. Maki nawa? Uku. Ƙasa ta ci 7 da 0. Maki nawa? Na san wasunku sun ce bakwai. Uku ne. Bakwai ɗin nan ƙwallaye ne. Ko ta zura ashirin, nasara ɗaya ta yi, makinta uku.

Mu sake. An tashi 0 da 0. Kowace ƙasa maki nawa? Ɗaya. Kada sifirin ya ruɗe ku, ba a zura ƙwallo ba amma an yi canjaras, canjaras kuwa maki ɗaya ne ga kowa. An tashi 4 da 4. Maki nawa? Ɗaya ɗaya. An doke ƙasa 4 da 3, ta zura har uku. Makinta nawa? Babu. Ta yi ƙoƙari, 'yan kallo sun tafa mata, amma a teburi sifiri za a rubuta mata.

Ga dabara. Duk lokacin da kuka ga sakamako, kada ku fara da neman maki. Ku fara tambayar kanku: an ci, an yi canjaras, ko an sha kashi? Ku rubuta amsar da kalma. Bayan kun rubuta kalmar, ku rufe lambobin sakamakon da yatsa, sannan ku ɗaga ido ku dubi dokar da ke saman shafi. Kalma tukuna, sannan maki.

Mu gwada da ƙasashen da muka ƙirƙira don darasi. Ƙasa A ta buga wasa uku: ta ci 1 da 0, ta ci 1 da 0, ta ci 2 da 1. Ku rubuta: nasara, nasara, nasara. Uku da uku da uku, tara. Ƙwallayen da ta zura huɗu ne kacal.

Ƙasa B ita ma wasa uku: ta ci 7 da 0, aka ci ta 1 da 0, aka ci ta 2 da 1. Ku rubuta: nasara, shan kashi, shan kashi. Uku da sifiri da sifiri, uku. Ta zura ƙwallo takwas.

Wace ce a sama? A, mai maki tara. B ta ninka ta a ƙwallaye, amma wannan bai ɗaga ta ba.

Wanda ya samu daidai, madalla. Wanda bai samu ba, ya goge ya sake, ba tsere muke yi ba. Amma, jama'a, ina roƙonku, ku daina tsallake rubuta kalmar. Na sha ganin ɗalibi ya ce ai ya gane, ba sai ya rubuta "nasara" ba, sai ga shi ya ba ƙasa maki biyar don ta ci 5 da 2. Babu wasa ɗaya a share fage da ke ba da maki biyar. Babu wanda ke ba da biyu. Uku, ɗaya, ko babu. In kuka ga kun rubuta wata lamba daban a gaban wasa guda, to ƙwallo kuka ƙirga.

Ku faɗa da baki sau uku: uku, ɗaya, babu.

Aiki: Ƙasa C ta ci 6 da 1, ta yi 2 da 2, ta yi 0 da 0, aka ci ta 3 da 2. Makinta nawa? Kalma tukuna. Amsar ita ce biyar, kuma an same ta ne daga wasa huɗu a haɗe: 3 da 1 da 1 da 0.

Darasi na 4: Karanta teburi

Teburi yana da layuka a kwance, kowace ƙasa da layinta, da gidaje a tsaye. A talabijin da waya sau da yawa za ku ga haruffa a kan gidajen: P wasannin da aka buga, W nasara, D canjaras, L shan kashi. Gidan maki yawanci shi ne na ƙarshe a hannun dama. Ku aza yatsa a kan sunan ƙasa, ku ja shi a miƙe har ƙarshen layi. In idonku yana zamewa zuwa layin ƙasa, ku aza rula ko gefen takarda.

Ga teburi na gaske, Rukunin C na Afirka bayan wasa goma. Afirka ta Kudu ta ci 5, canjaras 3, an ci ta 2. Najeriya ta ci 4, canjaras 5, an ci ta 1. Benin ta ci 5, canjaras 2, an ci ta 3. Ku fitar da makin da kanku kafin ku karanta gaba.

Afirka ta Kudu: biyar sau uku, 15, a ƙara 3, ya zama 18. Najeriya: huɗu sau uku, 12, a ƙara 5, ya zama 17. Benin: 15 a ƙara 2, shi ma 17.

Ku lura da kyau. Najeriya sau ɗaya tak aka doke ta, Afirka ta Kudu sau biyu, amma Afirka ta Kudu ce ta tafi. Canjaras ne ya cinye Najeriya. Kowane canjaras asarar maki biyu ne, biyar kuwa asarar goma. Shi ya sa in kuka ji ana murna wai "ai ba a ci mu ba", ku dubi gidan ƙarshe kafin ku taya murna.

To Najeriya da Benin fa, da suke 17 da 17? A nan ne, kuma sai a nan, ake waiwayar ƙwallaye. Ana ɗaukar waɗanda ƙasa ta zura, a ɗebe waɗanda aka zura mata. Abin da ya rage shi ne rarar ƙwallo, ana sa masa alamar tarawa (+). Najeriya ta zura 15, aka zura mata 8, rara 7. Benin ta zura 12, aka zura mata 11, rara 1. Najeriya ta zo ta biyu. In waɗanda aka zura wa ƙasa sun fi nata yawa, bashi ke nan, ana sa alamar ɗebewa (-). Ta zura 3 aka zura mata 8, bashin 5.

Afirka ta Kudu ta zura 15, aka zura mata 9, rara 6. Na san yanzu wani zai ɗaga hannu ya ce ai bakwai ta fi shida, me ya sa Najeriya ba ta hau sama ba? Malam, ba mu gama wannan ba a darasi na 3? Maki 18 ya fi 17. Ba a duba rara sai maki ya zo ɗaya. Wanda ya yi wannan tambayar ya koma baya ya sake aikin Ƙasa A da Ƙasa B, kuma a wannan karon ya rubuta kalmomin. Ba a koyon wannan da kallon littafi daga nesa.

In maki ya zo ɗaya, rara ma ta zo ɗaya, sai a duba wadda ta fi zura ƙwallo.

Darasi na 5: Cike gurbi

Wadda ta zo ta biyu ba lallai ta fita ba. A Afirka an zaɓi huɗu da suka fi ƙoƙari cikin na biyun, wato Najeriya da Gabon da Kamaru da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, suka haɗu a Maroko a Nuwamban 2025. A irin wannan wasa babu maki, babu teburi, wadda aka ci ta tafi gida. In an yi canjaras sai a ƙara minti 30, in har yanzu ba a rabu ba sai bugun fanareti. Kongo ta fitar da Najeriya a fanareti bayan an tashi 1 da 1.

Wadda ta tsira a nan sai ta haɗu da wasu biyar daga sauran nahiyoyi, ban da Turai. Su shida ke neman gurbi biyun da suka rage a darasi na 1. Ku tara 46 da 2.

Darasi na 6: Ana iya ƙwace maki

Ɗan wasan da ya karɓi katin gargaɗi a wasa biyu ba zai buga na gaba ba. In ƙasa ta sa shi, FIFA za ta ba abokiyar karawarta wasan da 3 da 0. Haka aka yi wa Afirka ta Kudu a wasanta da Lesotho na Maris 2025. Ta ci a fili, aka ƙwace. Yana cikin shan kashi biyun da kuka gani a teburi.

Darasi na 7: Sauran wurare

A Kudancin Amurka ƙasashe goma ne, rukuni ɗaya, wasa 18 kowacce. A share fagen kofin Afirka rukuni 12 ne, ƙasa huɗu huɗu, ta ɗaya da ta biyu su wuce, kuma in maki ya zo ɗaya ana fara duba wadda ta ci 'yar'uwarta. Dokar maki ba ta canzawa.

Aikin gida: ku nemi teburi ɗaya a jarida ko a waya, ku rufe gidan ƙarshe da takarda, ku fitar da makin ƙasa uku da kanku, sannan ku buɗe ku gwada. Ku zo da littafin aji na gaba.