Yadda ake haɗa katin RFID na roba

Katin RFID, wato katin da na'ura ke karantawa ta igiyar rediyo ba tare da ta taɓa shi ba, mai aiki a kan mita 13.56 MHz, ba shi da batir. Eriyar da ke cikinsa ce ke janyo wuta daga na'urar da ke karanta shi, ta ba cip, wato ɗan ƙaramin guntun lantarki mai riƙe da bayanan katin. Don haka abu biyu ake tsarewa tun daga farko: eriya ta fito daidai, cip kuma ya tsira daga zafi da matsi.

Bisa ƙa'idar ISO 7810, tsawon kati milimita 85.60 ne, faɗinsa 53.98, kaurinsa 0.76. Ana samun wannan kaurin daga shimfiɗa biyar: ta tsakiya mai ɗauke da eriya da cip, wajen milimita 0.4, robar PVC da aka buga wa zane, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai siririyar leda mai haske a kowace fuska.

Da ta tsakiyar ake farawa. A fara huda gurbin da cip zai zauna, sannan injin dasa waya ya nutsa wayar jan ƙarfe mai kaurin kusan milimita 0.1 cikin robar, zagaye huɗu zuwa shida. A liƙa bakunan wayar biyu a jikin cip da zafi da dannawa. Kafin a ci gaba, a auna mitar eriyar. Yawanci ana barinta sama da 13.56 kaɗan, domin kusantar na'urar karantawa ko wani katin na saukar da ita. Zagaye ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu ya isa ya sa sai an manna kati a jikin na'ura kafin ya amsa.

Wurin matsa ne ake yawan asara. A jera shimfiɗun, a ɗan ɗosa su da zafi a gefe don kada su zame, a sa tsakanin farantan ƙarfe masu santsi. PVC na son zafin digiri 130 zuwa 150 na ma'aunin Celsius, na kimanin minti 20. Kada a ɗora cikakken matsi tun roba na da tauri, nan take cip ke tsagewa. A fara da sauƙi, idan ta yi laushi a ƙara. Daga nan a wuce da ita matsar sanyi, kuma kada a sassauta sai ta huce sarai. Wanda ya yi gaggawar buɗewa, katunansa za su fito a lanƙwashe. Haka ma idan shimfiɗar sama ta fi ta ƙasa kauri, domin ba za su tsuke daidai ba.

Kumfa a cikin kati, danshi ne ko tawadar da ba ta gama bushewa ba. Idan leda na ɓarewa daga gefe, a duba ko tawada ta yi kauri har bakin kati ta hana roba kama roba. Tawada mai ƙyallin ƙarfe kuwa, komai kyanta a ido, tana rage nisan karatu idan ta rufe eriya.

Sai yanka. Wuƙar da ta dakushe tana barin kaushi a gefe, zanen da ya goce kuma yana iya kai wuƙa kan waya. A gwada kowane kati ya bayar da lambarsa, a ware matattu kafin a rubuta bayanai. Masu taɓa cip su ɗaura abin hannu mai sauke wuta zuwa ƙasa, domin wutar da ke taruwa a jikin mutum da busasshiyar roba tana kashe cip ba tare da wata alama a waje ba.