Yadda ake haɗa rahoton mako na tseren motoci da babura

Aikin haɗa rahoton mako yana farawa ne tun ranar Alhamis, lokacin da za a duba jadawalin kowace gasa, domin gasannin motoci na Formula 1 da IndyCar da NASCAR da gasar babura ta MotoGP kowace tafiyarta daban take, kuma sau da yawa sukan haɗu a Lahadi guda. A rubuta filin kowane tsere da lokacin tashi, a kuma lura da bambancin agogo, tunda tseren Japan yakan ƙare kafin a fara na Turai, na Amurka kuwa sai daga baya.

Babban abin kiyayewa shi ne kada a bayyana wanda ya fara tsallake layin ƙarshe a matsayin zakara har sai alƙalan tsere sun tabbatar da sakamako. Bayan an kaɗa tuta mai baƙi da fari ta kammala tsere ana auna motoci, ana sauraron ƙorafe-ƙorafe, kuma hukuncin ƙarin daƙiƙa 5 kacal yana iya sauya jerin gaba ɗaya. A tseren Formula 1 na Beljiyam na 2024 George Russell ne ya zo na ɗaya, amma da aka ɗora motarsa a sikeli sai aka tarar nauyinta ya gaza ƙa'ida da kilo 1.5, aka soke nasararsa aka miƙa wa Lewis Hamilton. Hukumar FIA, mai kula da gasar Formula 1, tana wallafa takardun hukuncin alƙalanta a intanet, kuma su ne madogara, ba hoton shagalin karɓar kofi ba.

Wajen lissafin maki kada a gauraya tsarin wata gasa da na wata. A Formula 1 mutum goma na farko ke samun maki, daga 25 da 18 da 15 har zuwa 1, yayin da a MotoGP ake raba wa mutum 15, na biyu kuma yana samun 20. Tun daga 2023 MotoGP tana yin gajeren tsere ranar Asabar wanda zakaransa ke samun maki 12, don haka dole a haɗa shi kafin a fitar da teburin gasa.

Labarin hatsari ne ya fi buƙatar natsuwa, kuma a ganina nan ake gane mai rahoton kirki. A fara da lafiyar direba, bisa abin da ƙungiyarsa ko likitocin gasar suka sanar, sannan a faɗi zagayen da abin ya faru, da kwanar, da matakin da aka ɗauka, ko tutar rawaya ce ta rage gudu, ko motar kariya ce ta shigo gaba, ko jar tuta ce ta tsayar da tsere. Ɗora laifi kuwa a bar wa masu bincike. Lokacin da motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta a Bahrain a Nuwamban 2020, an fara yaɗa cewa ƙarfin karon ya kai ninki 53 na nauyin jiki, amma binciken FIA da ya fito a Maris na 2021 ya nuna 67 ne. Ya tsira da ƙuna a hannuwansa, kuma ƙarfen kare kai da aka wajabta a 2018 ya taimaka ƙwarai. Shi kuwa Jules Bianchi, wanda ya yi karo da motar janye motoci a filin tseren Suzuka na Japan a Oktoban 2014, sai a Yulin 2015 ya rasu, saboda haka bai halatta a rufe labarin wanda ke asibiti da hasashe ba. Bidiyon hatsari ma kada a sa shi kafin a tabbatar direban yana raye, domin iyalinsa suna kallo.

A wajen tsara rahoton, a sa tseren da ya fi sauya teburin gasa a gaba ko da ba na Formula 1 ba ne, sauran kuma layi biyu ko uku sun wadatar. Idan akwai ƙarar da aka ɗaukaka ba a yanke ba, a ambata a fili, a kuma dawo da hukuncinta a rahoton mako mai zuwa.