Yadda ake tsara laƙabin layukan kwantuwa a Matplotlib

Zanen kwantuwa shi ne wanda kowane layi a cikinsa yake haɗa wuraren da ƙimarsu ta zo ɗaya, kamar layukan matsin iska a taswirar yanayi. Idan babu lamba a jikin layi, mai karatu zai ga siffa amma ba zai san ko ƙimar hawa take yi ko sauka ba. A Matplotlib, manhajar zane ta Python da John Hunter ya fitar a shekarar 2003, umarnin `clabel` ne yake ɗora waɗannan lambobi, wato laƙabin layukan.

Da farko a adana abin da `contour`, umarnin da yake zana layukan, ya dawo da shi, sannan a miƙa shi ga `clabel`:

`cs = ax.contour(X, Y, P, levels=range(992, 1028, 4))`
`ax.clabel(cs, levels=cs.levels[::2], fmt="%d hPa", fontsize=9)`

A nan an ja layi bayan kowane hPa 4 (hPa ma'aunin matsin iska ne), amma layi ɗaya cikin biyu ne kawai ya sami laƙabi. Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne amfani, domin inda layuka suka cunkushe lambobi sukan hau kan juna, kuma mai karatu yana iya gane ƙimar layin da aka tsallake daga maƙwabtansa.

Shi kuwa `fmt`, mai tsara yadda za a rubuta lambar laƙabi, ya cancanci a tsaya a kansa. Rubuta `"%1.1f"` yana barin lamba ɗaya bayan ɗigo, wadda ta wadatar a yawancin ayyuka, tunda jera lambobi uku bayan ɗigo yana nuna daidaiton da ma'aunin bai kai ba. Mai son alamar kashi cikin ɗari sai ya ninka ta, ya rubuta `"%d%%"`. Ana kuma iya ba shi ƙamus na Python (`dict`) wanda zai haɗa kowane mataki, wato ƙimar layi, da sunan da ake so, misali a sa layin sifili ya ɗauki kalmar "daskarewa" a taswirar zafi.

Ta asali `inline` yana yanke layin a ƙarƙashin laƙabi, kuma `inline_spacing` yana barin fiksel 5 a kowane gefe. A ƙara shi idan rubutun ya matsu.

Wurin da manhajar take zaɓa da kanta ba kullum yake dacewa ba. Idan aka sa `manual=True`, ana danna linzamin kwamfuta kusa da layi a ajiye laƙabi, sai dai wannan yana buƙatar taga mai karɓar danni, kuma dole a sake aikin duk lokacin da aka sake zanen. Ga zanen da za a buga, ya fi kyau a ba `manual` jerin wurare, irin su `[(2, 5), (7, 1)]`, domin kowane laƙabi ya sauka a kan layin da ya fi kusa da wurin da aka ambata.

Game da `contourf` mai cika launi, a ɗora `contour` na siraran baƙaƙen layuka a kansa da matakai iri ɗaya, a sa laƙabin a jikin waɗannan layukan.